Me ya sa ake ware mutum guda ya tsaya yana kallon mai cire kayan kariya?

Tambaya: Ni ɗalibar aikin jinya ce. An koya mana cewa lokacin annoba ana ware ma'aikaci guda, ba abin da zai yi sai kallon abokin aikinsa yana cire kayan kariya. Ga ƙarancin ma'aikata a irin wannan lokaci, wannan ba ɓarna ba ce?

Amsa: Malama, ba ɓarna ba ce. Hatsarin yana wajen cirewa. Mutum ya yi awanni cikin riga da takunkumi, gumi ya jiƙe shi, gilashin idonsa ya yi hazo, hankalinsa yana kan ya fita ya sha ruwa. A nan ne safar hannu mai ƙwayar cuta take taɓa fuska ba tare da ya sani ba. Mai kallon yana karanta matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma yana da ikon ya ce "tsaya", ko da babban likita ne a gabansa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tsaurara wannan ƙa'ida a Oktoba 2014, bayan ma'aikatan jinya biyu sun kamu da Ebola a birnin Dallas. Ki lissafa: minti kaɗan na mai kallo, ko makonni na ma'aikacin da ya kwanta, ga waɗanda za a killace saboda sun yi cuɗanya da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 ne korona ta kashe daga Janairu 2020 zuwa Mayu 2021.

Ga wani aikin da ya fi nuna amfanin ware mutum guda ya lura da sauran. Majinyacin da huhunsa ya yi tsanani, yana kan injin numfashi, ana kwantar da shi ruf da ciki domin iska ta isa sassan bayan huhu. Binciken da aka wallafa a 2013, wanda aka yi a asibitocin Faransa da Sifen, ya nuna mace-mace cikin kwana 28 sun sauko daga kusan kashi 33 cikin ɗari zuwa 16, idan ana yin haka aƙalla awa 16 a jere. Amma juyin yakan ci mutum huɗu ko biyar. Ɗaya yana wajen kai riƙe da bututun numfashi, shi kaɗai ke ƙirga, sauran kuma ba mai motsi sai ya ba da umarni. Wani ya yi gaggawa, bututun ya fita, to labari ya canza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Takunkumi kuma yana danne murya, ya rufe fuska. Shi ya sa ake rubuta suna da matsayi a kan riga, kuma wanda aka ba umarnin magani yakan maimaita shi da ƙarfi kafin ya bayar. Wasu asibitoci sun raba ma'aikata rukuni-rukuni da ba sa haɗuwa, don kada cutar ta kwantar da sashe gaba ɗaya.

Inda na ga ana yawan sakaci shi ne masu shara da masu tura gado. Suna shiga ɗaki ɗaya, suna taɓa abu ɗaya, amma sau da yawa ba a kiransu wajen bayanin miƙa aiki. A ganina duk wanda zai shiga ɗakin, a gaya masa abin da ke ciki, a kuma sa masa mai kallo idan zai fito.