Sarkin da ba ya hawa doki

Ɗana, na ga bidiyon da ka turo, na kuma ji tambayarka. Ka ce ka hango dattawan Zango, unguwar Hausawa da sauran Musulmi a nan Kumasi, da manyan riguna da rawuna a fadar Sarkin Ashanti, abin ya ɗaure maka kai: me ya kai Musulmi wurin, kuma faɗuwa muke yi ko yaya? Ban ga laifinka ba. Tun da mahaifinka ya tattara ya koma Kano a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia, Firaministan Ghana na lokacin, ta ce baƙi marasa takarda su fice, ba wanda ya sake kawo ku Kumasi.

Ganina na farko da Sarkin Ashanti ina yaro ne, zamanin Otumfuo Opoku Ware na biyu, wanda ya hau a 1970. Kakanka ya riƙe hannuna muka tako tun daga Aboabo har Manhyia, inda fadar take. Duk tunanina dawakai zan gani, domin labarin hawan sallar Kano da yake ba mu kullum dawaki ne da lifidi da kakaki. Ko ɗaya ban gani ba. Ƙasar kurmi ce, ƙudan tsando ba ya barin doki ya yi kwana. Sai laimomi manya manya, kowace ta isa ta rufe ɗaki, masu riƙe da su suna ɗaga su sama suna saukewa daidai da kiɗan tambura. Sarkin kuwa a kan mutane yake, cikin wani abu mai kama da kwalekwale da ƙarti suka ɗauka a ka. Na tambayi kakanka ko ba shi da lafiya ne. Ya toshe mini baki.

Wanda ke kai yanzu, Otumfuo Osei Tutu na biyu, a watan Afrilun 1999 aka ɗora shi. Shi na gani kusa da kusa, ranar da na bi tawagar Sarkin Zango zuwa Akwasidae. Biki ne da ake yi duk bayan kwana 42, kullum ranar Lahadi yake faɗowa. Da safe sarki yakan shiga ɗakin kujerun magabatansa ya yi al'adunsu. Wannan ba ruwanmu da shi, ba ma shiga, ba kuma wanda ya taɓa cewa mu shiga. Namu shi ne zaman fili, bayan ya fito karɓar gaisuwa.

Yana zaune cikin zanen kente, ya yafa shi ta kafaɗar hagu, ta dama a buɗe. Zinariya kuwa tun daga goshi har takalmi. Abin da ya tsaya mini a rai hannunsa ne: awarwaro da zobba sun yi masa nauyi har sai da wani bafade ya tallafe masa shi kafin ya miƙa. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, akwai abin da yake ɗora ta a kai. Kuma ba ya yi maka magana kai tsaye. Akwai masu magana da yawunsa, ana ce musu okyeame, kowanne da sanda mai kan zinariya. Kai ka faɗa wa okyeame, shi ya isar, alhali sarki yana jin komai da kunnensa. A nan ne na ji kamar ina gida, domin na taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu zamanin marigayi Ado Bayero, na ga sarki da amawali a baki, mutum ya zube, dogarai su amsa masa da cewa an gaishe shi. Sarauta ko'ina ba ta son yawan baki.

To, batun faɗuwa. Ashantawa ma ba sa zubewa irin taku. Namiji yakan zame zanensa daga kafaɗa, ya zare ƙafa daga takalmi, ya rusuna. Mu masu babbar riga ba mu da kafaɗar da za mu buɗe, sai mu cire takalmi mu ɗan duƙa, hula da rawani suna nan a kanmu. Su sukan kai kwalaben giya cikin kayan gaisuwa, mu rago ne da goro, sai malaminmu ya ɗaga hannu ya yi addu'ar zaman lafiya, fadawa su amsa da amin. Kuskure ɗaya na yi ranar. A nan daga dama ake fara gaisawa a bi layi zuwa hagu, ni kuwa ɗoki ya sa na nufi hagu. Wata tsohuwa ta kamo hannun rigata ta juya ni kamar ɗan akuya, tana ce mini Kramo, sunan da suke kiran Musulmi ke nan. Har yau abokaina ba su daina tsokanata ba.

Kada ka ɗauka jiya muka fara shiga gidan. Fataken Gwanja da suka riƙa kai goro Kano, goron daga dazukan Tonawa yake fitowa, haka kakanninmu ke kiran Ashantawa, ana haɗuwa a kasuwar Salaga, a arewacin Ghana ta yanzu. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, da yawa suka gangaro kudu. Tun kafin nan ma akwai malamai a fada, su ke rubuta layun da ke jikin babbar rigar yaƙin sarki, wadda suke kira batakari kese. Saboda haka in ka ji muna cewa sarkinmu, saurara da kyau. Sarkin Zango shi ne namu na rikicin aure da gado da saɓanin unguwa. Otumfuo shi ne mai ƙasa, ƙasar da muka gina masallatai a kai, muka binne iyayenmu a ciki. Akwai matasanmu da suke ganin zuwan bai dace ba, muna ta muhawara da su bayan sallar Isha'i. Ni dai ban ga inda gaida mai masauki ya taɓa imanina ba.

Abu ɗaya ne har yanzu yake ba baƙinmu na Arewa mamaki: ɗan sarki a nan ba ya gadon ubansa. Ta wajen uwa ake bin sarauta, kuma uwar sarauta, Asantehemaa, ita ke fitar da sunan wanda za a ɗora. Ka gaya wa 'yan majalisarku wannan ka ji abin da za su ce.

In za ka zo, ka sanar da ni da wuri in lissafa maka Lahadin da Akwasidae za ta faɗo. Ka taho da takalmi mai sauƙin cirewa, ka kuma riƙo mini kilishi. Ka gaida mahaifiyarka.