Amsa ga Yaya kan buhunan ganye da kwalliyar ƙofa a Birmingham

Yaya, saƙonki ya iso, kuma an ba ni labarin dariyar da kuka sha a gida kan hoton buhunan ganye da ke bayan ɗakinmu da zagayen busasshen ganyen da wata 'yar'uwarmu ta rataye a ƙofarta. Kin tambaya ko shara ce ta yi daraja a Ingila, ko kuwa mun fara bin Turawa a bukukuwansu. Ta farkon mai sauƙi ce. Ta biyun har gobe ba mu gama sasanta ta a tsakaninmu ba.

Daga ƙarshen Satumba dare yake fara fin yini tsawo a nan, har a kai Disamba inda ake kiran magariba kafin ƙarfe huɗu. Da itatuwa sun ji haske ya ragu sanyi ya shigo, sai su janye koren da ke cikin ganye, ya koma rawaya ko ja ko ruwan ƙasa, zuwa ƙarshen Nuwamba yawancinsu sun zama tsirara. Yawan abin da ke zubowa ya wuce tunaninki. Jiragen ƙasa ma sukan sauya lokutan tafiya a wannan tsakani, don ganyen da ya jiƙe ya liƙe a layin dogo yana sa ƙafafunsu santsi.

To wannan ganye muke kwasa. A yayyafa masa ruwa, a cusa a baƙar leda babba, a huhhuda ta, a ɗaure, a jefa wani lungu a manta. Bayan shekara ɗaya ya isa a baza a gindin shuka. In an yi haƙuri ya shekara biyu, zai koma baƙi, mai laushi, har iri ake yafawa a ciki. Ba shi da ƙarfin kashin shanu ko na tumaki. Aikinsa shi ne ya sassauta ƙasa mai yumɓu, ya kuma riƙe danshi a mai yashi. Na bakin babban titi ba ma ɗauka saboda hayaƙin mota da mai. Ƙonawa kuwa, a unguwar da gidaje ke manne da juna, neman rigima ne da maƙwabta. Kuma in kin duba, ba sabon ilimi ba ne a wurinmu: kowane manomi ya san geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi kyau, domin gawo da damina yake zubar da ganyensa.

Za ki ce ina muka ga gonar. Akwai lambunan haya da hukumar gari ke yankawa mazauna. Tun 1908 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da su in mutane sun nema, kuma Birmingham kaɗai tana da irin waɗannan wurare sama da 100. Cikakken yanki ya kai murabba'in mita 250, wato ya ɗan haura rabin filin ƙafa 50 da 100, sai dai yanzu rabi ake yawan bayarwa saboda masu jiran layi, wasu har shekaru. Kuɗin haya a shekara ake biya, abin da aka noma na cin gida ne, kuma wanda ya bar ciyawa ta cinye nasa za a yi masa gargaɗi, daga nan a karɓe.

A can muka yi makaranta, kuma malamanmu ba Turawa kaɗai ba ne. Tsofaffin Jamaika da suka riga mu zuwa sun daɗe suna shuka alayyafo. Mutanen Bangladesh duma suke ɗorawa a rumfa, su ci shi ɗanye shataf a miya, mu da muka san shi da ƙwarya da ludayi muna kallo. Su suka nuna mana cewa a Afrilu ake yafa iri cikin ƙananan tukwane a bakin taga, kuma ba a fitar da shi waje sai ƙarshen Mayu, lokacin da raɓar ƙanƙara ta daina sauka. Wanda ya yi gaggawa, dare ɗaya ya ishe shi asara.

Alayyafo ba ya ba mu wahala, in ban da dodon koɗi, musamman wani irinsa marar ɓawo da ke fitowa da dare ya share kwami guda. Rama da lalo suna yi, amma a cikin rumfar leda. Yakuwa ganye kawai muke samu. Ita sai yini ya gajarta take fure, a nan kuwa kafin a kai haka sanyi ya riga ya kwantar da ita, shi ya sa zoɓonmu har yau na kanti ne. Kuɓewa kam, wadda ta samu na miya ɗaya sai ta zagaya da hotonta. Zogale a tukunya yake zama, a shigo da shi ɗaki da hunturu, ya kakkaɓe ganye, sau da yawa ba ya farfaɗowa. Shanya ma ba rana, sai dai a baza ganye kusa da na'urar ɗumama ɗaki ko a tafasa a sa a firiza. Da duk wannan, ranar da aka yi kwaɗon ramar da aka tsinko da hannu, ba a barin ko tsinke a kwano.

Yanzu zancen ƙofa. Abubuwa uku ne kuka haɗa wuri ɗaya. Akwai zagayen da ake ratayewa a Disamba, na koren ganye mai ƙaya da jajayen 'ya'ya. Wannan na Kirsimeti ne, 'yan'uwanmu Hausawa Kiristoci suna sawa, Musulminmu ba sa sawa, kuma ba wanda ke jin haushin wani. Akwai kabewar da ake ƙwaƙule cikinta a yanka mata ido da baki a daren 31 ga Oktoba. Yawancinmu ba ma shiga wannan, ribarmu ita ce washegari kabewa ta faɗi warwas a kanti, kowane gida miyar taushe. Manyan da ake nomawa don sassaƙa dai ruwa ne tsululu, ƙananan sun fi gardi.

Na ukun shi kika gani: busasshen ganye da zangarniyar alkama, alamar kaka ta shigo. A kansa ake ja-in-ja. Dattawanmu suna cewa siffarsa ɗaya da na Disamba, mai wucewa ba zai bambance ba, don haka a bari. Matasan da aka haifa a nan suna cewa ganyen Allah ne, babu bauta a ciki. Ni ban rataya a ƙofata, don ina ganin maganar dattawan kan mai wucewa tana da ƙamshin gaskiya, amma ban taɓa ɗaukar wadda ta rataya a matsayin ta bar hanya ba. Cikin gidana kuwa bango cike yake da ganye.

Yara ne suka jawo haka. A makarantar firamare ana fita da su su tsinto ganye, su jera tsakanin jaridu, a danne da manyan littattafai na mako biyu, su manna a takarda su yi tsuntsu ko kifi. Da muka ga hannunsu ya faɗa, sai wasu iyaye mata suka fara zaunar da su ranar Asabar bayan Islamiyya ana koya musu saƙar faifai. Kaba babu, da zaren tukurwa na kanti ake naɗe igiya, kuma gaskiya ba ya yin ƙwari kamar na gida. Duk da haka su muke jerawa a bango da Sallah, tare da ƙwarya da kaskon turaren wuta. A shekarun nan da azumi ke faɗowa ƙarshen hunturu, akan ƙara da wata rawayar fulawa da ke fitowa a Maris. Tushenta sak albasa amma guba ne, shi ya sa ba ma ajiye shi kusa da kicin. Haka jajayen 'ya'yan nan na Disamba, ana tsawata wa yara a kansu. Tsinkar ganye a daji don amfanin gida ba laifi, amma tumɓuke tsiro ba da izinin mai fili ba dokar 1981 ta hana.

Dashen zogale da na lalle da kika ce za ki bai wa mai zuwa, don Allah ki bar su. Ba a shigo da tsiro sai da takardar lafiyar tsirrai, za a ƙwace a filin jirgi, lallen kuma ko ya shigo ba zai kai Janairu ba. Ki aiko mana da garin kuka, da dakakken lalle, da faifai biyu masu kyawun saƙa, yaran su ga yadda ake gama bakinsa.