Jira, Azure DevOps da ɗan Baffa: amsa ga wani ɗan'uwa a Manchester

Wani ɗan'uwa mai aikin rubuta manhaja a Manchester ya aiko da wasiƙa, ga ta a taƙaice:

"Shekarata biyu a kan bizar Skilled Worker, matata da 'yarmu suna kan bizata. Kamfaninmu na yin manhajar na'urar auna sukari a jini. Mu 30 ne a sashenmu, shida daga ciki masu gwaji, kuma har yau muna kan tsohuwar Jira, manhajar tsara ayyuka da bin su, da ke sabar ofis. Manaja ya ba ni mako uku in kwatanta Jira Cloud, Azure DevOps, GitLab da Polarion in kawo rahoto, ni ke riƙe da mabuɗin asusun gwaji na dukkansu. Baffana, wanda ya biya mini makaranta bayan rasuwar mahaifinmu, ya ce in saka ɗansa da ke Kano a ciki in riƙa tura masa ƙananan ayyuka. Wai wani dillali ya ce in yaron ya nuna ya taɓa aiki da kamfanin Birtaniya, zai samo masa CoS, wato shaidar ɗaukar nauyi da ake neman bizar aiki da ita, a kan fam 9,000. Wanne zan zaɓa, kuma yaya zan yi da Baffa? Wallahi barci ya ƙaurace mini."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Mu fara da rahoton, don shi ya fi sauƙi, kuma a cikinsa za ka hango ramin da maganar Baffa ke tura ka.

Layin farko na rahotonka ya zama wannan: Atlassian, mai yin Jira, ta daina tallafa wa Jira Server, wato irin taku ta sabar ofis, tun 15 ga Fabrairun 2024. Duk wata ɓaraka ta tsaro da aka gano bayan ranar, babu mai toshe muku ita. Saboda haka zama a inda kuke ba ya cikin zaɓin, kada ma ka bari a ɓata taro a kansa.

Sannan kada ka kwatanta su da yawan abubuwan da kowanne ke tallatawa. Ku manhajar na'urar lafiya kuke yi, ƙa'idar IEC 62304 ta gina irin wannan manhaja na kanku, kuma abin da odita ke zuwa nema shi ne bin sawu. Zai ɗora yatsa a kan buƙata guda, a ce wadda ta ce na'ura ta yi ƙara in sukari ya faɗi ƙasa da wani mizani, ya ce: wa ya rubuta ta, wa ya amince, wane haɗari take karewa, wane canji a rubutun manhaja ya cika ta, wane gwaji ya tabbatar, kuma a kan wace siga aka yi gwajin? Wanda ya amsa waɗannan a allo guda, ba tare da wani ya kwana yana harhaɗa Excel ba, shi ne na gaba a wurinku.

Jira Cloud, wadda ke zaune a sabar Atlassian ta intanet, ita ce mafi ƙarancin girgiza, tunda mutanenka sun saba, kuma Atlassian na da manhajarta ta ƙaura mai suna Jira Cloud Migration Assistant. Amma Jira allon tikiti ce a asali, wato kowane aiki ko kuskure da katinsa. Ba ta ajiye rubutun manhaja, wannan aikin Bitbucket ne ko wani daban. Ba ta da cikakken sashen gwaji, sai an sayi ƙari irin Xray ko Zephyr. Nan ne lissafin mutane da yawa ke karyewa: kuɗin irin wannan ƙari yana bin adadin duk masu amfani da Jira ɗin, ba adadin masu gwaji ba. Mutum shida ke buƙatarsa, na 30 za ku biya. Ka kuma duba ko tsohuwar sabarku na da rubuce-rubucen ScriptRunner, ƙarin da ke sa Jira ta yi wasu ayyuka da kanta. In akwai, da yawansu sai an sake rubuta su, don ba sa tafiya a Cloud kamar yadda suke.

Azure DevOps na Microsoft ya haɗa allon ayyuka, ma'ajiyar rubutu, injin haɗawa da gwadawa, da sashen tsara gwaji a gida ɗaya. Mutum biyar na farko kyauta ne, masu leƙe kawai irin su manajoji su ma kyauta a matakin Stakeholder. Farashin da Microsoft ta daɗe a kai shi ne dala 6 a wata ga mutum ɗaya, dala 52 ga wanda ke buƙatar Test Plans, wato sashen tsara gwajin. A ƙungiyarka ke nan: mutum 19 sau 6, dala 114, masu gwaji 6 sau 52, dala 312, jimla dala 426 a wata. Ka tabbatar da farashin ranar da za ka miƙa rahoton. Yana haɗa buƙata da gwajinta da canjin rubutu da kyau, in dai an tilasta wa kowa ya saka lambar aiki a kowane canji. Rauninsa shi ne ba ya daskarar da buƙatu kamar yadda suke ranar da aka saki siga, kuma ba shi da sa hannun amincewa irin wanda odita ke so, sai da ƙari. Ƙaura daga Jira zuwa can kuma tana yawan cinye tarihi: sharhi ya iso, amma da sunan wanda ya yi ƙaurar da kwanan ranar ƙaura. A wurin masu na'urar lafiya wannan babbar asara ce.

GitLab gwani ne a rubutu da injin gwaji, ana iya girka shi a sabar kamfani. Sashen buƙatunsa na matakin Ultimate ne, kuma bai kai abin da aikinku ke so ba. Ya dace ya zama ma'ajiyar rubutunku, bai isa ya riƙe komai shi kaɗai ba.

Polarion na Siemens, da takwarorinsa irin Codebeamer na PTC da Jama Connect, dama don irin aikinku aka gina su: buƙata, haɗari, gwaji, daskarar da siga, sa hannu, duk a ciki. Tsada gare shi, yana son mutum guda da zai zama mai kula da shi, kuma masu rubuta manhaja kan yi masa tsaki don ya fi Jira nauyi. In kuna sayarwa a Amurka, inda dokar 21 CFR Part 11 ta hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ke kan sa hannu na lantarki, ko in odita ya taɓa kama ku a kan bin sawu, to shi zan sa a gaba, a bar rubutun a GitLab ko inda yake yanzu. In ba haka ba, Jira Cloud da Xray ya wadatar da mutum 30. Kowanne aka ɗauka, ISO 13485, ƙa'idar tsarin inganci ta masu ƙera na'urar lafiya, ta ce a tantance manhajar da ake tafiyar da tsarin inganci da ita, kuma na Cloud suna sauyawa ba tare da sun tambaye ku ba. Ka rubuta wa zai riƙa sake tantancewa, don aiki ne da ba ya fitowa a takardar farashi.

A mako ukun, ɗauki buƙatu 20 na siga ɗaya, ka bi da su ta kowanne daga rubutawa har rahoton gwaji, ka auna lokacin da ya ci. Kafin ka loda bayanan gaske a asusun gwaji, ka nemi izinin sashen tsaro a rubuce.

Yanzu ka sake karanta abin da na faɗa a kan bin sawu. Kayan da aka ba ka ka zaɓa, aikinsu kenan su rubuta wa ya taɓa me, yaushe, daga ina. A cikinsu ne Baffa ke so ka ɓoye mutum.

In ka buɗe wa yaron asusu, kundin motsi zai rubuta cewa kai ka gayyace shi, da imel ɗinsa da mintin da ka yi. In ka ce bari ka ba shi kalmar sirrinka, ya fi muni: tsarin shiga na Microsoft Entra yana ajiye adireshin intanet da ƙasar kowace shiga, kuma an ƙera shi ya ɗaga jan tuta in mutum ɗaya ya shiga daga Manchester da safe, ya shiga daga Kano da hantsi. In ka ce ya yi a kwamfutarsa ya turo, kowane canji a Git, tsarin da ke ajiye tarihin rubutun manhaja, na ɗauke da suna da imel da agogon na'urar da aka yi shi. A watan Janairu agogon Ingila +0000 yake nunawa, na Najeriya +0100. Wani abokin aikinka ne zai gani yana duba wani abu daban, ya tambaya ba da wata manufa ba.

Abin da ke biyo baya ba jan kunne ba ne. Bai wa bare hanyar shiga tsarin kamfani babban laifin aiki ne da ake kora a kansa nan take. Dokar Computer Misuse Act ta 1990 ta haramta shiga kwamfuta ba da izini ba. In akwai bayanan marasa lafiya a cikin tikitin, ko da hoton allo guda ne da wani ya maƙala a rahoton kuskure, buɗe shi daga Najeriya fitar da bayanai ne a ƙarƙashin UK GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Birtaniya, kuma kamfanin na iya zama dole ya kai kansa ƙara wurin ICO, hukumar kare bayanai. Kamfanin da ka jefa a wannan hali ba zai rufa maka asiri ba. Ka san sauran: yana da kwanakin aiki 10 ya sanar da Home Office, ma'aikatar cikin gida mai kula da biza, ka bar aiki, a rage bizarka zuwa kwana 60, ta matarka da 'yarka su bi ta. Kwana 60 kana neman sabon mai ɗaukar nauyi, kana bayanin dalilin korarka a kowace ganawa. Garin neman gira a rasa ido.

Shi kuwa dillalin, ɓarawo ne ko yaron ɓarawo. CoS ba takarda ba ce da ake sayarwa. Lamba ce da kamfani mai lasisi ke fitarwa a tsarin Home Office ga wanda ya ɗauka aiki na gaske, kuma an hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashi na gaba ɗaya a wannan biza fam 41,700 ne a shekara, da ɗan rangwame ga sababbin shiga. Wane kamfani ne zai biya wannan ga yaron da bai taɓa zama da shi ya ji iyawarsa ba? Irin waɗannan da suka iso gare ni hanya uku suke ƙarewa: lambar ta bogi ce, dillali ya kashe waya; ko kamfanin na nan amma babu aiki, mutum ya sauka yana kwana a falon mutane; ko a soke lasisin kamfanin bayan wata shida, duk wanda ke ƙarƙashinsa ya sami wasiƙar kwana 60. Ƙaryar gogewar aiki kuma yaudara ce a idon Home Office, tana iya jawo wa yaron haramcin shiga har na shekara 10. Wasiƙar shaidar da za ta tabbatar da ƙaryar, sunan wa kake jin za a nemi a sa a ƙasanta?

Baffa na da haƙƙi a kanka, babba ma. Wanda ya riƙe maraya har ya zama mutum ba a ɗaga masa murya. Amma da abinka ake rama alheri, mabuɗin nan kuwa amanar wasu ce. Ina kyautata zaton ba mugunta ba ce; gani yake kamar shago a Kantin Kwari, inda mutum zai kawo ɗan ɗan'uwansa ya zauna ya koyi ciniki, maigida ma ya sa albarka. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, 'yan'uwa a gida sun iya kashe bizar wani da baki, don ba su za a tasa zuwa filin jirgi ba. In aka kore ka, kuɗin da kake aikawa duk wata ya tsaya, kuma a zauren da aka matsa maka a nan za a ce ai dama yaron ba shi da natsuwa.

Kada ka yi masa bayani ta saƙon murya. Ka kira shi, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Baffa, Allah ya ƙara girma. Mabuɗin sito ne maigida ya ba ni, kuma akwai mai rubuta duk wanda ya shiga. Ranar da na shigar da wani, ranar za a sallame ni, in dawo gida da iyalina. Amma yaron nan ƙanena ne, na ɗauki nauyin koya masa da kaina." In akwai gwaggo ko wani dattijo da Baffa ke jin maganarsa, ka fara sanar da shi kafin kiran.

Ka kuma cika alkawarin. Kayan nan duk suna da matakin kyauta: Jira har mutum 10, Azure DevOps mutum biyar, GitHub da GitLab kuma ya buɗe da sunansa. Ku ɗauki aiki na gaske a Kano, ko da manhajar lissafin bashi ce ta wani shago, ya rubuta buƙatun, ya yanka su tikiti-tikiti, ya haɗa kowane canji da tikitinsa, ya sa gwaji mai tafiya da kansa. Kai ka duba masa ranar Asabar, a kwamfutarka ta gida, ba ta ofis ba, kuma kada layi ɗaya na rubutun kamfaninku ya shiga ciki. Ka saya masa data, in da hali ka taimaka da batirin sola, don rashin wuta ya fi rashin basira kashe irin wannan koyo. Bayan wata shida yana da abin nunawa da kowa zai iya buɗewa ya gani, har ya fara tura gyara ga manhajojin da ke buɗe ga kowa.

Kafin a tura wa dillalin ko sisi, a ce ya faɗi sunan kamfanin. Jerin kamfanoni masu lasisin ɗaukar nauyi yana shafin gov.uk, kyauta, kowa na iya dubawa. In sunan na ciki, ka kira kamfanin ta lambar da ke shafinsu, ba wadda shi ya bayar ba, ka tambaya ko sun san shi. Ka nemi lambar rajistarsa ta lauya ko ta IAA, hukumar da ke rajistar masu ba da shawara a kan biza, wadda a da ake kira OISC. In ya ce sunan kamfanin sirri ne sai an biya rabi, ka ɗauki hoton amsar ka tura wa Baffa.