Ribar agogon Rolex: a ina halas ta tsaya, a ina ha'inci ya fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon agogo da tabarau a kasuwar Sabon Gari, Zariya. Ƙanena da ke aiki a Dubai ya daɗe da rubuta sunansa a layin masu jira a shagon wakilin Rolex, yanzu sun kira shi cewa agogon Rolex samfurin Submariner na ƙarfe ya iso. Akwai wani attajiri a Kaduna da ya ce zai saya da ƙari mai tsoka a kan kuɗin shago, har yana so ya ba ni kafin alƙalami. Sai dai masu shagon sukan tambayi mai saye ko shi zai ɗaura, domin ba sa son sayar wa wanda zai juya ya sayar. Ƙanena zai ce nasa ne. Muna kuma tunanin rubuta sunan matarsa da na wani abokinsa don mu ƙara samu. A majalisarmu wani ya ce wannan ɓoye kaya ne da tsawwala wa mutane, wani ya ce kasuwa ce kawai. Ribar nan halas ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Ribar ba ita ce ta dame ni ba a cikin wasiƙarka. Abin da ya tsaya mini a rai jimla ɗaya ce da ka rubuta a tsakiya kamar ba komai ba: "Ƙanena zai ce nasa ne." Zan zo kanta, amma bari mu fara sallamar mutumin majalisa.

Ɓoye kayan da shari'a ta tsine wa shi ne wanda yake cutar da jama'a. A mazhabar Malikiyya da muke bi, hanin bai tsaya ga abinci kaɗai ba, ya haɗa duk hajar da kwashe ta daga kasuwa zai jefa mutane cikin ƙunci. Ma'aunin dai cutarwa ce. Wanda ya bi kasuwar Giwa da kaka ya kwashe masara ya kulle a sito yana jiran talaka ya galabaita, shi ne ake nufi. Babu gidan da zai kwana da yunwa a Tudun Wada ko Gyallesu don an rasa Submariner. Mai son sanin lokaci, Casio na batir da ke shagonka ya ishe shi, har ma ya fi agogon inji riƙe lokaci daidai. Attajirin Kaduna ba mabuƙaci ba ne, mai sha'awa ne, ya san kuɗin shago, ya kuma zaɓi ya biya ƙari don kada ya jira. Shari'a kuwa ba ta yanka wa riba iyaka da lamba ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Urwatu Albariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinarin, aka kuma yi masa addu'ar albarka. Saboda haka sayar da agogon da ka mallaka a kan abin da kasuwa ta taya, ba laifi ba ne.

Kafin mu shiga matsalar, ya kamata ka san daga ina wannan riba take fitowa, domin ba gwanintarka ce ta haife ta ba. Rolex, wanda Hans Wilsdorf ya kafa a Landan a 1905 kafin ya mayar da shi Geneva a ƙasar Suwizalan, ba ya bayyana adadin abin da yake ƙerawa, amma masu bin harkar suna ƙiyasta kimanin miliyan ɗaya a shekara. Masu neman samfuran ƙarfe irin su Submariner da Daytona da GMT-Master sun fi abin da ke fitowa yawa nesa ba kusa ba. Wakilin kamfani kuma yana sayarwa ne a kan farashin da aka tsayar, ba ya ƙarawa don layi ya yi tsawo. To tazarar da ke tsakanin kuɗin shago da kuɗin kasuwa, kyauta ce da ke faɗawa hannun duk wanda wakilin ya zaɓa ya kira. Shi ya sa yake tambaya. Tambayar nan ba gaisuwa ba ce, ita ce ginshiƙin cinikin. Da ya san za a juya agogon cikin mako guda, da wani ya kira.

To ka ga inda aka kwana. Ƙaninka zai tsaya gaban mutum, a tambaye shi kai tsaye, ya faɗi abin da ya san ba gaskiya ba ne, a kuma miƙa masa kaya saboda wannan magana. Kuɗin da zai biya cikakku ne, agogon zai zama nasa, amma da ƙarya aka buɗe ƙofar. Hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu bai ware mai saye ba, bai kuma ce idan wanda za a ha'inta kamfanin Turawa ne mai dukiya an yafe ba. Mu 'yan kasuwa mun saba ganin algus a gefen mai sayarwa kawai, mudu mai lotsattsen gindi da jabu a kwalin na gaske. Mai saye ma yana yin algus, da bakinsa yake yi. Hukuncin sharaɗin "kada ka sayar" a cikin ciniki magana ce ta malaman fiƙihu, Zariya kuwa ba ta rasa su, ka kai musu. Amma ko da malami ya ce maka sharaɗin ba ya ɗaure ka, wannan bai halatta amsa tambaya da ƙarya ba. Abu biyu ne daban.

Batun rubuta sunan matarsa da abokinsa ya fi muni, kuma ina roƙonka ka bar shi tun yau. A nan ba mai shago kaɗai aka yaudara ba. Akwai mutum a wannan layi da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru don ya ɗaura agogon a hannunsa, ko ya bar wa ɗansa, kun tura shi baya da sunaye uku alhali mutum ɗaya ne ke bayansu. Ka kuma jawo matar ƙaninka cikin maganar da ba ita ta ƙulla ba.

Na san amsar da za a ba ni a majalisa: su ma shagunan ai ba tsarkaka ba ne. Gaskiya ne. Sananne ne cewa shaguna da yawa a wannan harka ba sa kiran mutum sai ya fara kashe kuɗi a kan sarƙa ko wani agogon da bai yi niyya ba, kuma babu wanda ke ganin yadda layin yake tafiya. Ni ma ban ga adalci a wannan ba. Amma rashin adalcinsu dalili ne na ka ƙi shiga shagonsu, ba lasisin yi musu ƙarya ba ne. Ko ta fuskar lissafi ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Kowane agogo yana da lambarsa, katin garanti yana ɗauke da lambar da ranar saye, shagon kuma ya rubuta wanda ya sayar wa. Idan agogon ya bayyana a kasuwar intanet irin Chrono24 bayan 'yan kwanaki, suna iya gane daga hannun wa ya fita, su rufe masa ƙofa. Ƙaninka ne ke zaune a can da sunansa da aikinsa, kai kana Sabon Gari.

Idan har ƙaninka yana son agogon don kansa, ya saya ya ɗaura. In wata rana buƙata ta taso, ko sha'awar ta fita, ya sayar ya ci ribarsa, babu wanda zai ce masa uffan. Niyyar ranar saye ita ce abin dubawa.

Hanya mai tsafta tana nan, sai dai ribarta ba ta kai wannan kauri ba. Ka sayi agogo daga hannun mai shi ko daga dillalan na-hannu da ke Dubai, a kan farashin kasuwa, kowa ya san kai ɗan kasuwa ne, ka ɗora naka ka sayar. Sana'a ce sananniya, har shi kansa Rolex ya shigo ta a ƙarshen 2022 da tsarin sayar da na-hannu da ya tantance, a 2023 kuma ya sanar da sayen Bucherer, ɗaya daga cikin manyan masu shagunan agogo a duniya. Babu abin kunya a cikinta.

Kafin alƙalamin da attajirin Kaduna yake miƙo maka, kada ka karɓa da sunan ka sayar masa, domin agogon bai shigo hannunka ba. Sahabi Hakim ɗan Hizam ya yi wa Annabi irin wannan tambaya, aka ce masa kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Idan yana so ya ba da kuɗi tun yanzu, ku mayar da shi wakilci: kai za ka nemo masa samfuri kaza, a kan kuɗin da bai wuce kaza ba, la'adarka kaza, a rubuce da shaidu, a kuma faɗi wanda zai ɗauki kuɗin kwastan da abin da zai faru idan ba a samu ba. Ku rubuta da wane kuɗi ake lissafi. Ka tuna a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya karɓi naira ya yi alkawarin kayan dala a wancan tsakani, ya san abin da ya ɗanɗana.

Ranar sayarwa kuma nauyin ya koma kanka. Ka faɗi komai: an taɓa buɗe shi, an goge jikinsa da inji, an canja gilashi ko maɗauri, kwali da kati nasa ne ko haɗo su aka yi, nawa ya rage a garantin shekara biyar da kamfanin ke bayarwa. Jabun yanzu ya yi kyau har ido da nauyin hannu ba sa isa, sai an buɗe bayansa a wurin masani mai kayan aikin, don haka kada ka saya daga wanda ya ƙi yarda a duba. Ka bincika lambar a rumbun The Watch Register, inda ake rubuta agogunan da aka sace ko suka ɓata. Agogon da aka kawo maka da araha mai ban mamaki, babu rasit babu tarihi, ka ce albarka ka bar shi.

Akwai wani ha'incin da ya zama ruwan dare a waya, har mutane sun daina ganinsa laifi. A sa hoton agogo a WhatsApp ko Instagram a rubuta an sayar a kan kuɗin da ba a sayar ba, ko a sa aboki ya riƙa tayawa a gaban mai saye alhali ba saye zai yi ba, ko a ce "akwai mutum uku da ke jira" alhali babu kowa. Wannan shi ne najashi da aka hana tun zamanin Annabi, waya ce kawai sabuwa. Haka nan kada ka taɓa ce wa mai saye farashin waɗannan agoguna ba ya faɗuwa. A lokacin korona masana'antun agogo na Suwizalan sun rufe na ɗan lokaci, kuɗin ruwa ya yi ƙasa a Amurka da Turai, masu kuɗin kirifto suka shigo da zafi. Agogon Nautilus 5711 na kamfanin Patek Philippe, wanda aka daina ƙerawa, ya haura ninki huɗu na kuɗin shago. A Disamban 2021 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin Nautilus guda 170 masu fuska shuɗiya irin launin kamfanin kayan ado na Tiffany a New York a kan dala miliyan 6.5, abin da kuɗinsa a shago bai kai dala dubu 53 ba. Daga wajen Maris da Afrilun 2022 kasuwar ta juya, ta yi ta sauka wata bayan wata. Waɗanda suka saya a ƙololuwa da kuɗin bashi sun sha wuya. Kai ma wannan gargaɗi ya shafe ka: masu sayen irin wannan kaya ba su da yawa a Zariya, suna Abuja da Legas da Kano da Kaduna. In mai saye ɗaya ya janye, jarin shagonka kaf yana iya kwanciya a cikin kwali ɗaya wata da watanni. Kada ka taɓa kuɗin sarin tabarau da ƙananan agogunan da ke ciyar da gida.

Ka tsaya ga na ƙarfe. Zinariya haramun ce ga namiji Musulmi ya ɗaura, cinikinta kuma yana da nasa hukunce-hukuncen na hannu da hannu.

Sai ka san wa kake sayar wa. Agogo ƙarami ne, yana ɗauke da miliyoyi, yana ƙetare iyaka a wuyan hannu, shi ya sa masu ɓoye kuɗin haram da masu ba da cin hanci suke ƙaunarsa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10, sannan masu cinikin kayan ado da kayan alatu suna cikin waɗanda ake so su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, mai yaƙi da halasta kuɗin haram. Duk wanda ya zo da jaka cike da kuɗi, ba ya son rasit, ba ya son a rubuta sunansa, ka ba shi haƙuri ko da ya ninka maka riba. Agogon da ke shagonka don sayarwa kuma hajar kasuwanci ne, idan shekara ta zagayo ka yi masa ƙima a farashin ranar, ka haɗa da sauran kaya, ka fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in.

Ka kira ƙaninka kafin ya je shagon. Idan ba shi zai ɗaura ba, ya gaya musu gaskiya cewa ɗan'uwansa ɗan kasuwa ne kuma sayarwa za a yi. In sun yarda a haka, ku saya da kwanciyar hankali. In sun ƙi, ya gode musu ya bar wa na bayansa, kai kuma ka koma wa attajirin Kaduna da maganar wakilci da farashin dillalan na-hannu, ya zaɓa.