Amsar tambayar Yaya a kan sana'ar jifan kibau

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe mini da mutanen majalisar Ƙofar Ƙaura. Ka ce a wayar wani kuka ga yaro yana jifan allo da ƙananan kibau, aka ce muku ya tashi da kuɗin da ya fi ƙarfin lissafi. Shi ne kake tambaya ko wannan sana'a ce ko caca, kuma ko yaranmu na nan Ingila sun faɗa ciki. Sana'a ce ta gaske, dats ake ce mata. Yaron da kuka gani Luke Littler ne, ya ci gasar duniya a watan Janairun 2025 yana ɗan shekara 17, bayan ya doke Michael van Gerwen na Holan, ya karɓi fam 500,000.

Allon zagayayye ne kamar faifai, an raba shi gida 20. Ana rataye shi yadda tsakiyarsa za ta kai mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa kuma ya tsaya mita 2.37 daga fuskar allon. Akwai siraran zobba biyu. Kibiyar da ta shiga na bakin allo an ninka lambarta biyu, wadda ta shiga na ciki an ninka uku, ɗigon tsakiya kuma maki 50 ne. Kibau uku ake jefawa a kowane zuwa, don haka ƙololuwa ita ce 180, wato ukun duka a zoben ninki uku na gidan 20. Faɗin wurin bai wuce milimita 8 ba, kuma da gangan aka sa 1 da 5 a gefen 20, don hannu na ɗan karkacewa mutum ya tashi da maki 1 a maimakon 60.

Kowa da maki 501 yake farawa, ana ragewa har a kai sifili, amma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa zoben ninki biyu ko ɗigon tsakiya. A nan ake gane gwani. In ka zarce abin da ya rage maka, ko ka bar 1, jifanka na wannan zuwan ya tashi a banza. Shi ya sa suke son barin 32: in ka nemi ninkin 16 ka kuskure kibiya ta faɗa 16 zalla, saura 16, wato ninkin 8, gidan 8 kuwa yana maƙwabtaka da na 16, ba sai ka sauya tsayuwa ba. Mafi girman abin da kibau uku ke iya rufewa 170 ne, amma 169, 168, 166, 165, 163, 162 da 159 ba sa rufuwa ko kai wane ne. Duk wannan a ka ake lissafa shi, cikin daƙiƙoƙi, dubban mutane na ihu a bayanka.

Hanyar shiga sana'ar ƙunci gare ta. Hukumar PDC ce ke riƙe da manyan gasanni, kuma mutum 128 kacal ke da katin shiga gasanninta. Duk watan Janairu ake tantance masu neman katin, a Milton Keynes nan Ingila da Kalkar a Jamus. Katin na shekara 2 ne. In wa'adin ya cika ba ka cikin 64 na sama, an karɓe, sai ka koma layi. Matsayin nan kuma da kuɗin da ka ci a shekara 2 ake auna shi, saboda haka nasarar bara waccan tana zubewa daga lissafinka ko kana so ko ba ka so. Yawancin gasannin ma a rufaffen zaure ake yin su ba 'yan kallo, wanda aka fitar a zagayen farko yakan koma gida hannu rabbana, ga kuɗin mota da na masauki daga aljihunsa. Shi ya sa da yawa daga na ƙasa ba su saki aikinsu na yau da kullum ba. Phil Taylor da ya ci kofin duniya sau 16 da shi Littler su ake nunawa a talabijin, amma a ganina rayuwar ɗan wasa na 90 a jerin matsayi ita ce ainihin hoton sana'ar.

Akwai kuma wata lalura da suke tsoro, inda hannu ke ƙin sakin kibiya alhali lafiyarsa ƙalau, matsalar a zuciya take. Ta kama Eric Bristow, zakaran duniya sau 5, bai kuma sake ɗaukar kofin ba.

Sai batun da na san shi ne a ranka. Shi jifan ba caca ba ne, gwaninta ce da atisaye na sa'o'i kullum. Abin da ke kewaye da shi ne matsalar. A mashaya wasan ya girma, ƙananan gasannin unguwa har yau can aka fi yin su, manyan kuma kamfanonin caca ne ke ɗaukar nauyin da yawansu, har babbar gasar da ake yi duk ƙarshen shekara a Alexandra Palace da ke Landan. 'Yan wasan ruwa kawai suke sha a kan dandali, amma 'yan kallo giya ce a gabansu. Saboda haka mu nan a gida muke rataye allon, a gareji ko ɗakin baya, yara su yi jifa bayan makarantar Islamiyya, kuma yana kaifafa musu lissafi ƙwarai. Yaron da ya nuna hannu, iyayensa kan nemi ajin koyar da yara da ake yi a zauren unguwa, uba ya kai shi ya tsaya ya dawo da shi. Inda ake rabuwa shi ne ranar da ya girma aka ce ya shiga ƙungiyar mashaya, ko ya sa rigar da ke ɗauke da tambarin 'yan caca. A nan yawancinmu muke tsayawa, kuma ina ganin daidai ne.

In kuna son gwadawa a zaure, ku nemi allon zaren wata shuka da ake ce wa sisal, domin raminsa na rufewa in an zare kibiya, na takarda kuwa nan da nan yake ragargajewa. Kada a jiƙa shi da ruwa don kakkaɓe ƙurar hunturu, kumbura yake yi ya lalace, busasshen tsumma ya isa. A riƙa cire zoben lambobin ana juya allon, kada gidan 20 ya cinye shi kaɗai. Kibiyar ƙarfen tangistin mai nauyin giram 22 zuwa 24 ta dace da mai koyo, ta fi ta tagulla siranta, uku na iya cunkusuwa a wuri ɗaya. Ku shimfiɗa tabarma a ƙasa don siminti na dakushe tsini, kuma kada ƙananan yara su gitta gaban allon ana jifa.