Ciwon hanta nau'in B: shin ƙarshensa ciwon daji (kansa) ne?

Tambaya: Likita, na je ba da jini sai aka ce an samu ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jikina. Tun da na ji tana jawo kansa hankalina bai kwanta ba. Wani mai magani ya ce zai wanke mini ita cikin wata guda. In karɓa?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, amma kada ka karɓi wannan magani. Gaskiya ne bairos ɗin hanta na B da na C suna haddasa kansa, kamar yadda wani bairos mai suna HPV ke jawo kansar bakin mahaifa. Sai dai mafi yawan masu ɗauke da nau'in B ba sa kamuwa da kansa, kuma ɓarnar takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta kai can.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan zance na wankin hanta. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana fitar da nau'in B daga jiki idan ya zauna, domin bairos ɗin yana ɓoya a cikin ƙwayoyin hanta. Mai jiƙo zai ce maka tunda idonka ya washe kuma ba ka jin ciwo, ai ka warke. Wannan yaudara ce, domin hanta ba ta yin kuka sai ta gama jigata. Kullum muna ganin waɗanda suka daina zuwa asibiti saboda an ce sun warke, su dawo bayan shekaru da kumburarren ciki, a lokacin da dama ta wuce. Wasu jiƙe-jiƙen ma su da kansu suke ƙona hantar.

Ka je a auna yawan bairos ɗin da lafiyar hantarka. Idan akwai buƙata, za a ɗora ka a kan tenofovir ko entecavir, waɗanda ke danne shi su rage haɗarin kansa sosai, kuma ba a dakatar da su sai da umarnin likita. Waɗanda ke cikin haɗarin kamuwa da kansa ana ɗaukar hoton hantarsu duk wata 6. Ka nisanci barasa.

A gwada iyalinka, a yi wa marasa cutar rigakafi. Jariri kuwa a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, domin kusan kashi 90 cikin 100 na jariran da suka kamu cutar tana zame musu ta dindindin.