Safar taya da ke zuwa a but ɗin tokumbo

Kai yaro, ajiye jak ɗin nan ka matso kusa. Ka ce ka ga wani ƙyalle mai lastik a baki cikin jaka a but ɗin Camry ɗin da aka fito da ita daga tashar jirgin ruwa ta Tin Can a nan Legas, kana tambaya ko murfin sifiya taya ne, irin wanda ake rufa wa tayar bayan jif saboda rana. Ba shi ba ne. Da murfin sifiya ne, guda ɗaya za ka gani, na leda ko na fata. Wannan biyu ne, don tayoyi biyu ake sa wa, kuma a kansa motar take takawa tana tafiya. Safar taya ce, ta ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba musu lokacin sanyi. Waccan da ke hannunka AutoSock aka rubuta a jakarta, kamfanin ƙasar Norway ne, akwai kuma wasu kamfanonin da ke yin irinta.

Sa hannu ka shafa. Wurin da ke taɓa ƙasa saƙa ce mai kauri ta zaren foliyesta, da kaushi-kaushi da ɗan gashi a jikinta. Bakin da ke shiga ta bayan taya shi ne mai lastik, shi ke riƙe ta kada ta zame. Ta waje kuma ƙyallen ya fi laushi, ga igiyoyi da suka gitta, su ake kamawa a daidaita ta, su ake ja a tuɓe ta.

Yadda take aiki kuwa, ka san shi tun ba yau ba, ba ka dai lura ba ne. Idan aka aike ka wurin masu ƙanƙarar sanyaya ruwa ka ɗauko dunƙule da hannu, me ke faruwa? Suɓucewa yake yi. Ɗan ruwan da ke kwance a samanta shi ke kawo santsin. Amma ka naɗe dunƙulen da tawul, sai ka ji ya kamu gam, har tawul ɗin ya manne. To haka abin yake a titi. Taya ta danne dusar ƙanƙara, nauyi da guga su sa siririn ruwa ya shiga tsakanin roba da ƙasa, sai direba ya taka totur taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Zaren safar nan yana tsotse wannan ruwa, gashinsa kuma ya cusa cikin dusar ya kama. Iyakar sirrin ke nan, babu ƙarfe babu ƙusa.

Sawa ba ta buƙatar jak, shi ya sa na ce ka ajiye shi. Mutum zai tsaya a wuri mai lafiya, ya ja hambirki, ya lulluɓa ta daga saman taya, ya tura lastik ɗin ta baya, ya jawo ta ƙasa iya inda za ta kai. Sashen da tayar ta taka ba zai shiga ba, don haka sai ya shiga mota ya matsa kamar mita ɗaya, ya fito ya ƙarasa. Ko ta ɗan karkace, idan aka fara tafiya da kanta take zama tsakiya. Sai dai dole lambar ta dace. Duba jikin jakar za ka ga jerin lambobi irin su 205/55 R16, wato faɗin taya a milimita, da tsayin gefenta a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, da girman rim a inci. Idan ta yi wa taya yawa ficewa za ta yi, idan ta yi kaɗan kuma sai ka yage ta wajen ja.

Ga inda nake so ka buɗe kunne, don yana shafar aikinmu na yau da kullum. A tayoyin da injin ke juyawa ake sa ta. Camry da Corolla da gaba suke ja, saboda haka gaba za a sa. Hiace da tsohuwar danfo ta Volkswagen da baya suke turawa, nasu a baya ne. Mai ja da ƙafa huɗu kuwa, a bi abin da littafin motar ya ce. Yaron da bai san wace taya ke jan mota ba, ko juyin tayoyi aka ba shi zai yi shirme.

Kada ka ɗauka wani abin a-zo-a-gani ne. Kayan fita kunya ne kawai. Gudu da ita ba ya wuce kilomita 50 a awa, kuma da zarar an fita daga dusar an hau busasshiyar kwalta, sai a tsaya a cire, in ba haka ba kwalta ta cinye ta, ramuka su fito. In an dawo gida a wanke, a shanya, a naɗe. Sarƙar ƙarfe da ake ɗaura wa taya ta fi ta ƙarfi a dusa mai zurfi da hawan dutse mai tsauri, ta kuma fi ta daɗewa nesa ba kusa ba. Abin da ya sa mutane ke son safar shi ne ba nauyi, ba ƙara, ba ta ƙarce rim, kuma motocin zamani da yawa tazarar da ke tsakanin taya da bodi ƙanƙanuwa ce, sarƙa na iya dukan bututun birki ko wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ta tsinka. A ganina, wanda ke zaune inda dusa ke kwana wata da watanni, tayar sanyi ya kamata ya saya. Safa ta mai wucewa ce.

Hukumominsu ma sun san da ita. A Faransa, tun 2021, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a wasu yankunan duwatsu doka ta ce ko dai motarka tana da tayoyin sanyi, ko kana ɗauke da sarƙa ko wannan safa a cikin mota. A lardin Kebek na Kanada kuma tayar sanyin ce dole, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Na ga idonka, na san abin da kake saƙawa: ko za ta yi amfani a taɓon damina, irin na lungunan Mile 12 ko Alaba Rago a watan Yuli. Cire wannan daga ranka. Taɓo cika saƙar yake yi ta zama sulɓi, tsakuwa da ƙarafan da ke binne a ciki su yayyaga ta, ka ƙare da tsumma naɗe a jikin ƙafar mota kana kwancewa. Kuma kada in ji ka sayar wa wani da sunan maganin santsi. Mayar da ita but, kayan mai mota ne.

Amfaninta a gare mu ɗaya ne, kuma babba ne: tana gaya maka daga inda motar ta fito. Duk motar da ka ga wannan jaka a cikinta, ko buroshin kankare gilashi mai dogon hannu, ta sha sanyi, sai ka duba abu biyu kafin ta bar garejin nan.

Na farko tayoyin da ke ƙafarta. Kwastan sun hana shigo da tsofaffin tayoyi, amma wadda ke ɗaure a jikin mota tare suke sauka daga jirgi. Durƙusa ka duba gefen taya. Idan ka ga zanen dutse mai kawuna uku da tauraron dusar ƙanƙara a tsakiya, an yi ta ne da sanyi a rai. Haruffan M+S kaɗai kada su tayar maka da hankali, tayoyi da yawa na kowane yanayi suna da su. Sai ka dubi fuskar tayar: ta sanyi zalla cike take da ƙananan tsage-tsage masu lanƙwasa a kan kowane haƙori, kuma idan ka danna da farce za ka ji robar ta lotsa. Wasu ma za ka ga ƙananan ramuka a jere, ko kawunan ƙusoshi a ciki. An haɗa robar ne don ta zauna da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Mu kuwa nan Legas sama da digiri 30 muke yini a mafi yawan shekara, kwalta kuma ta fi iska zafi. Irin wannan taya a wurinmu saurin suɗewa take yi, sitiyari ya riƙa yin lagwai-lagwai a kwana, birki ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Abin haushin shi ne ita ce ta fi kyan gani, zanenta zurfi-zurfi, mai mota yana murna wai ya samu sababbin tayoyi. Ka bar shi ya ɗauki hanyar Ibadan da ita, ya miƙa Kano da lodi da tsakar rana, ka ga an sayar da rai da arha.

Kana nan durƙushe, karanta shekarunta. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 3519, mako na 35 ke nan a shekarar 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara 4 suke ƙirgawa daga ranar ƙira, kuma suna dubawa a hanya.

Na biyu ƙarƙashin motar. A Kanada da arewacin Amurka gishiri suke watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuma cin ƙarfe yake yi. Bodi zai yi ta sheƙi a sama, ƙasa kuwa tsatsa ta gama da shi. Hau da ita kan rami, ka ɗauki tocila da sukundireba. Bi bututun birki tun daga gaba har baya, ka duba salansa, da mazaunin shoka, da ƙarfen da ke ɗauke da injin. Tsatsa ja ta sama-sama ba komai ba ce. Wadda ke ɓarewa falle-falle in ka soka, ita ce abin tsoro, ga iskar teku ta garin nan da ruwan da ke kwanciya a titi za su ɗora daga inda gishiri ya tsaya. Notin taya ma a irin waɗannan motoci kan cije, ka zuba masa mai ka ba shi lokaci, kada ka hau kan sifana da ƙafa ka karya bol ɗin da notin ke ɗaure a kai ka ja mana asara.

In Alhaji ya zo ɗaukar motarsa, kada ka tsaya dogon bayani daga tsaye. Kai shi gindin tayar, ka nuna masa zanen dutsen da lambar shekara, ka sa ya danna robar da farcensa. Idan ya yarda a canja, huɗun za a canja gaba ɗaya, ba a haɗa ta sanyi da ta zafi a mota guda. Idan ya ce sai wani watan, ka gaya masa a gabana cewa cikin gari kawai zai yi yawo da ita, ban da doguwar tafiya.